Hanyar Asibiti a Bakin Iyaka: Darasi ga 'Yan Kasuwa da Iyalai na Jibiya da Madarunfa

Gabatarwa



Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san cewa shingen da ke tsakanin Magamar Jibiya da Ɗan Isa hukumomi biyu ya raba, jama'a kuwa ɗaya ce. Harshe ɗaya ake ciniki da shi, ana auratayya, ana zuwa suna da ta'aziyya. Har yau sarautar Maraɗi tana ɗauke da sunan Katsina, kuma ruwan da ya ratsa ƙasar Jibiya shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi. Inda mutane da ruwa da dabbobi suke kai da kawowa haka, cuta ma tana bin sawunsu, domin sauro ba ya tsayawa a nuna masa takarda.

Wannan darasi an shirya shi ne domin a karanta a rumfar kasuwa, da tasha, da zauren gida, a kuma karanta wa wanda bai iya karatun boko ba. Zai yi bayani a kan yadda aka jera asibitoci a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina da gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, da alamomin ciwon da ba a kwana da su a gida, da takardun da ya kamata matafiyi ya riƙe, da tanadin da ke sa a isa asibiti kafin lokaci ya ƙure.

1. Darasin kwalarar 2018

A watan Yuli na 2018 aka tabbatar da ɓullar cutar amai da gudawa, wato kwalara, a gundumar Madarunfa. Mutum uku na farko da aka gano 'yan gida ɗaya ne daga ƙaramar hukumar Jibiya, waɗanda suka ƙetara neman magani. Kafin a shawo kanta ta kama fiye da mutum 3,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, a daidai lokacin da jihohin arewacin Najeriya ma suke fama da ita.

Ba a kawo wannan labari don a ɗora wa kowa laifi ba. Mutanen da suka je asibiti sun yi abin da ya dace, kuma zuwansu ne ya sa hukuma ta farga da wuri. Abin lura shi ne, jama'ar wannan yanki sun daɗe suna neman magani a duk ɓangaren da ya fi kusa ko ya fi sauƙi. Uwa daga ƙauyukan Jibiya takan kai ɗanta mai tamowa Ɗan Isa ko Madarunfa, mutumin Maraɗi kuma yakan zo Katsina ganin ƙwararren likita. Saboda haka wajibi ne kowane magidanci ya san tsarin ɓangarorin biyu kamar yadda ya san farashin naira da sefa. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

2. Matakan asibiti a kowane ɓangare

Ƙasashen biyu sun gina tsarinsu a kan shawarar da ƙasashen duniya suka yanke a taron Alma-Ata a 1978, cewa a kawo kiwon lafiya na farko kusa da inda mutane suke zaune. An jera asibitoci hawa-hawa, kowane hawa da aikinsa.

A ɓangaren Najeriya, matakin farko shi ne ɗakin shan magani na ƙauye da cibiyar lafiya ta matakin farko. Manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiya ɗaya mai aiki sosai. A nan ake awon ciki, da allurar rigakafi, da gwajin zazzaɓin cizon sauro, da karɓar haihuwar da ba ta zo da tangarɗa ba. Mataki na biyu shi ne Babban Asibitin Jibiya, inda ake kwantar da marar lafiya a ƙarƙashin kulawar likita. Na uku yana cikin birnin Katsina, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa matakin farko, kuma ta wannan asusu ne ake yi wa wasu masu ƙaramin ƙarfi rajista su samu magani ba tare da biya ba. Wanda yake son sanin ko ya cancanta, sai ya tuntuɓi shugaban cibiyar mazaɓarsa.

A ɓangaren Nijar, matakin farko shi ne ƙaramin ɗakin lafiya na ƙauye, wanda a takardun Faransanci ake rubuta case de santé, sai cibiyar da kowa ya sani da CSI. Sama da su akwai asibitin gunduma a Madarunfa, sannan babban asibitin jiha da cibiyar uwa da yaro a Maraɗi. Tun 2006 dokar Nijar ta sa maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da tsarin iyali su zama kyauta a asibitocin gwamnati, haka ma tiyatar haihuwa. Wani lokaci magani kan yanke a rubuta wa mutum ya sayo, don haka kada a fita gida hannu rabbana.

Akwai kuma cibiyoyi na musamman da ya kamata a sani. Matar da ta samu yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda tana da inda za a yi mata aiki: cibiyar Babbar Ruga a Katsina, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi. Wannan lalura tana warkewa a hannun ƙwararru, kuma ɓoye mace a ɗaki shekara da shekaru zalunci ne da ba shi da dalili. Maganin tarin fuka, wanda ake sha wata shida, kyauta ne a ƙasashen biyu, haka ma maganin cuta mai karya garkuwar jiki.

Hikimar jerin ita ce a fara daga mafi kusa. Idan ciwon ya fi ƙarfin cibiyar, ma'aikaci zai ba da taimakon farko, ya rubuta takardar turawa gaba. Wannan takarda tana da daraja, domin ita ke gaya wa likitan da ke gaba abin da aka gani da abin da aka riga aka bayar. A karɓe ta, a kuma tafi a ranar. Yawancin asarar rai tana faruwa ne a tsakanin ranar da aka ce "ku tafi gaba" da ranar da aka tafi.

3. Jinkiri uku

Masana kiwon lafiya sun lura cewa mace mai naƙuda ko yaro mai tsananin ciwo sukan rasa rai ne ta ɗayan ƙofofi uku na jinkiri.

Na farko shi ne jinkirin yanke shawara a gida. Ana jiran a ga ko zazzaɓin zai sauka, ana gwada jiƙo da turare, ko kuma ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. Wannan ya shafi ɗan kasuwa kai tsaye, domin shi ne yake kwana biyu ko uku ba ya gida. Maganinsa a hannunsa yake, kuma ba ya cin ko sisi: kafin ya yi tafiya, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa ko ƙaninsa ko maƙwabcinsa cewa ya yarda a kai iyalinsa asibiti duk lokacin da bukata ta taso, dare ko rana, ba sai an same shi a waya ba. Waya takan mutu, layi yakan ɗauke a bakin iyaka, jini kuwa ba ya jira.

Na biyu shi ne jinkirin hanya. Ƙauye yana nesa, damina ta yanke hanya, babu mota, ga rashin tsaro da ya sa tafiyar dare ta zama kasada a sassa da yawa na wannan yanki. Iyakar ma an sha rufe ta, kamar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Saboda haka kowane gida ya san asibiti biyu, ɗaya a kowane ɓangare idan zai yiwu, kada ya dogara ga guda. Mace mai ciki da ke zaune nesa, musamman mai cikin fari, ko wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko mai ɗauke da tagwaye, ya fi mata ta koma gidan dangi kusa da asibiti da zarar ta shiga watanta.

Na uku shi ne jinkirin cikin asibiti: an iso amma babu kuɗin kati, ko babu jini, ko an manta takardu. Wani ɓangare na wannan nauyin hukuma ne, wani kuwa namu ne. A tafi da mutum biyu ko uku masu ƙoshin lafiya waɗanda za su iya ba da jini. Ba da jini ba ya rage wa namiji ƙarfi, jiki yana mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni.

4. Alamomin da ba a kwana da su

Ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, a garzaya asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ya kasa shan nono ko ruwa;
- yana amayar da duk abin da aka ba shi;
- yana jijjiga ko taune-taune;
- ya galabaita, ana tashinsa da ƙyar, ko ya suma;
- ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi;
- tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat;
- akwai jini a cikin kashinsa.

Numfashi ma ana ƙirga shi a gida da agogon waya, yaro yana kwance cikin natsuwa. A cikin minti ɗaya, idan jariri ɗan ƙasa da wata biyu ya ja numfashi sau 60 ko fiye, ko ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya ya ja sau 50, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar ya ja sau 40, to ana zargin ciwon huhu, kuma yana bukatar ma'aikacin lafiya a ranar. Jaririn da bai kai wata biyu ba, ko zafin jiki kawai ya yi, ko jikinsa ya yi sanyi, ko cibiyarsa ta yi ja tana ruwa, asibiti ne wurinsa.

Ga mai ciki ko mai jego, alamomin su ne zubar jini ko kaɗan ne, matsanancin ciwon kai tare da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta wuce awa 12, da mabiyiyar da ta ƙi faɗowa. Jinin da ke zuba bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Wannan kaɗai ya isa hujjar a haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma, domin tana da allurar da ke tsuke mahaifa.

Ga babba, kada a yi wasa da ciwon ƙirji mai tsanani, ko karkacewar baki da mutuwar ɓarin jiki, ko zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, ko gudawa mai kama da ruwan shinkafa, ko tarin da ya wuce mako biyu. Hawan jini kuwa yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Ɗan kasuwar da ya haura shekara arba'in ya kamata ya riƙa auna jininsa ko da yana jin garau, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

5. Kowane lokaci da cutarsa

Manomi ya san lokacin shuka, ɗan kasuwa ya san lokacin da gero ke tsada. Cuta ma tana da kakarta.

Damina, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. Ba kowane zafin jiki ne wannan zazzaɓi ba, shi ya sa ake gwaji da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin kamar minti 15 zuwa 20. Idan an tabbatar, maganin kwana uku ne, kuma wanda aka fi bayarwa ana shansa safe da yamma, sau shida ke nan, tare da abinci ko nono. Yaro yakan warware a rana ta biyu, sai a ajiye sauran don wani lokaci. Wannan kuskure ne babba, domin ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba, za ta dawo. A shanye shi duka.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya sau ɗaya kowane wata a lokacin damina. Ƙasashen biyu suna yin haka gida-gida. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko a gabansa, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. Idan iyali suna tafiya tsakanin ɓangarorin biyu, a nuna katin rabon ga ma'aikaci, don kada yaro ya sha sau biyu a wata ɗaya, kada kuma wata ya wuce shi. Mai ciki ita ma tana da nata maganin kariya da ake ba ta wajen awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Gidan sauro kuwa na kowa ne, har da mai kwana a rumfa ko a tasha.

Damina kuma lokacin gudawa da kwalara ne, saboda ruwan sama yana kwashe ƙazanta ya zuba a rijiyoyi. Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma maganinsa yana da araha. A zuba ƙunshi ɗaya na garin ORS a cikin ruwa mai tsabta gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Mafi yawa lita ɗaya ne, wato daidai da ledar ruwa biyu ta rabin lita. A riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan, a zubar da abin da ya wuce awa 24 a haɗa sabo. Idan babu garin, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Yaro yana bukatar ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba shi nono da abinci. Wanda ake zargin kwalara ce ta kama shi, a fara ba shi ruwan tun a gida, a ci gaba da ba shi a kan hanya. Masu sayar da abinci, da fura, da ruwa a kasuwa su riƙa wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida da kafin taɓa abinci, domin mai tuwo ɗaya tana ciyar da mutanen garuruwa goma a ranar kasuwa.

A wannan lokaci ne kuma rumbu yake ƙarewa, tamowa ta yawaita. Akwai ɗan maɗauri mai launi uku da ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, kuma uwa tana iya koyon awon cikin 'yan mintoci. Kore lafiya, ɗorawa gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Haka ma idan aka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Abincin gyaɗa da ake bayarwa a cibiya magani ne da aka auna wa yaro ɗaya. Wanda ya raba shi ga sauran yara, ko ya kai shi kasuwa, ya sayar da lafiyar ɗansa, wanda ya saya kuma ya taya shi. Muna roƙon shugabannin kasuwa su hana wannan ciniki a rumfunansu.

Daga hunturu zuwa bazara kuwa lokacin sanƙarau da ƙyanda ne. Nijar ta sha fama da sanƙarau a 2015, jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina kuma a 2017. Alamunsa zazzaɓi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, ga jariri kuma kumburin maɗiga. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira a makare yakan rasa ji. A rage cunkoso a ɗakin kwana, a buɗe taga, a kuma fito idan an yi shelar rigakafi.

6. Katin rigakafi da sauran takardu

Jadawalin allurar yara kusan ɗaya ne a ƙasashen biyu: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9, sannan allurar ƙyanda ta biyu bayan yaro ya shiga shekararsa ta biyu. Waɗannan allurai suna kare shi daga tarin fuka, da shan-inna, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta, da ciwon huhu, da wata irin gudawa, da ƙyanda, da shawara, da sanƙarau. Duk kyauta ne.

Amfanin rigakafi abu ne da idonmu ya gani. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, bayan shekara huɗu ba a ga sabon kamu ba a Najeriya. Illar sakaci ma mun gan ta: mashaƙo, wanda mutane suka fara mantawa da shi, ya dawo a 2023 ya kashe yara a Kano da Yobe da Katsina da jihar Damagaram, kuma mafi yawan waɗanda ya kama ba su kammala allurarsu ba.

Yaron da aka fara wa allura a Jibiya yana iya ƙarasa ta a Madarunfa, haka ma akasin haka. Idan an tsallake wata ko biyu ba a sake farawa daga tushe, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Abin da ke tabbatar da inda aka tsaya shi ne kati. Katin Najeriya da Turanci yake, na Nijar da Faransanci, amma ma'aikatan lafiya suna gane gajerun sunayen allurai da kwanan wata. A sa katin yaro, da katin awon ciki, da takardar magani, da sakamakon gwaji a leda ɗaya, a tafi da su duk inda za a kwana. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki hotonsu. Mai shan maganin hawan jini, ko ciwon sukari, ko tarin fuka ya tafi da kwalin maganinsa, domin sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa alhali maganin ɗaya ne, kuma mutum yana iya shan kashi biyu bai sani ba.

7. Maganin tebur da na tire

A kowace kasuwar iyaka akwai mai tallan ƙwayoyi a tire ko a bayan babur, rana tana dukansu tun safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki jabu ne ko marar inganci. Ko na ƙwarai ne, zafi yana kashe ƙarfinsa. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa araha ba ta ado.

A sayi magani a asibiti ko a kantin magani mai lasisi. A duba ranar lalacewarsa, a duba ko an taɓa buɗe kwalin. A Najeriya a nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC, wasu magungunan zazzaɓi kuma suna da wurin kankarewa da lambar da ake aikawa ta saƙon waya a tabbatar da sahihancinsu. Kada a yarda da haɗin ƙwayoyi barkatai da ake ƙullawa a leda ba suna. Kada a bari wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya yi wa yaro allura, domin allurar da ta sauka ba daidai ba tana iya shanye ƙafa, sirinjin da aka maimaita kuma yana yaɗa ciwon hanta. Tiramol da 'yan dako da direbobi suke sha don ƙarin ƙarfi yana jawo jijjiga da kamu, kuma ya raba matasa da yawa da hankalinsu.

8. Abin da kasuwa za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kasuwa sun riga sun san adashi, sun san sarkin kasuwa da shugabannin layi, saboda haka ba sabon abu ake nema gare su ba.

Na ɗaya, kowace ƙungiya ta buɗe asusun gaggawa. A riƙa zuba ɗan abin da aka amince a kai kowace ranar kasuwa, a ajiye wani da naira wani da sefa, domin ba a neman ɗan canji da tsakar dare. A naɗa mutum biyu amintattu masu riƙo, a rubuta shiga da fita, a kuma amince cewa kuɗin na mota da magani ne kawai, a biya daga baya a hankali.

Na biyu, a yi magana da shugabannin tasha a samu direbobi biyu ko uku, da masu babur, waɗanda suka yarda a kira su kowane lokaci a kan kuɗin da aka daidaita tun da wuri. A rubuta lambobinsu a bangon rumfa da cikin ledar katin awo.

Na uku, a shiga kwamitin da ke sa ido a kan cibiyar lafiya. A Najeriya akwai kwamitin raya mazaɓa, a Nijar akwai kwamitin gudanarwa da ake kira COGES. A nan ake kai kukan rashin magani, ko rashin ma'aikaci da dare, ko karɓar kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne. Duk abin da aka biya a nemi rasit. A sa mata a cikin wakilai, domin su ne suka fi sanin abin da ke faruwa a layin awo.

Na huɗu, a kai rahoto. Idan mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya ko layi ɗaya suka kamu da amai da gudawa, ko ƙuraje da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko aka ga yaro ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da cibiya mafi kusa a ranar, a kuma gaya wa mai unguwa. Sanarwar kwana ɗaya da wuri tana iya tsare gari guda, har da garin da ke ƙetaren iyaka.

Tambayoyin bita

A tattauna waɗannan a taron ƙungiya ko a gida bayan sallar isha'i:

1. Wace cibiyar lafiya ce mafi kusa da gidanku, kuma tana aiki da dare? Wace ce ta biyu idan hanyar ta farko ta toshe?
2. Idan maigida yana kasuwa ciwo ya taso, wa zai kai iyali asibiti, kuma an faɗa masa?
3. Ku ambaci alamomi biyar da ke sa a garzaya da yaro asibiti, da biyar na mai ciki.
4. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari, kuma awa nawa yake yi kafin a zubar?
5. Ina katin rigakafin ƙaramin ɗanku yake a yanzu, kuma yaushe ne ranar komawa?
6. Nawa ƙungiyarku za ta iya zubawa a asusun gaggawa a ranar kasuwa mai zuwa, kuma su wa za su riƙe?

Wanda ya gama karanta wannan takarda ya miƙa ta ga maƙwabcin rumfarsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya kuma ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya. Amin.